DNA ɗin Tsutsa

Sabi'u ya shigo ko sallama babu, adaidaitarsa na can ƙofar gida a kunne, ya tsaya a kaina ina wanke injin markaɗe, ya ce wa ya ba ni izinin kai masa mata gwajin DNA. Na ce masa ya je ya kashe mashin ɗin tukuna, mai na ƙonewa a banza. Bai je ba. Sabi'u shi ne na uku a 'ya'yana, ba ɗan fari ba ne balle in ji kunyar kama sunansa, kuma tun da na haife shi bai taɓa tsaya mini a ka irin na ranar ba. Matar tasa, Rabi, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ɗansu Khalifa yana jingine da bayanta yana wasa da murfin kwalba. Na ga hannunta ya tsaya cak a cikin tire.

"Inna, ni za a mayar sakarai? Duk garin nan an san wanda ake yi wa DNA."

"Wa ake yi wa?"

"Ɗan da ake shakkar ubansa."

Khalifa, kai nake rubuta wa wannan, da duk wanda ya iya karatu a cikin jikokina. An gaya mini wani yaro a makarantarku ya kira ka ɗan DNA, ka fasa masa baki, aka kira ubanka. Ubanka ba zai zaunar da kai ya yi maka bayani ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ni kuwa na tsufa, kunyar da ta rage mini ba ta da yawa. Rubutuna kamar tonon kaji yake, don sai da na yi furfura na shiga makarantar matan aure ta Tarauni na koyi boko, amma za ka iya karantawa. Zan faɗi abubuwan da tsohuwa ba ta faɗa wa jikanta namiji. Ka daure.

Uwarka daga wani ƙauye a ƙasar Kura aka kawo ta, inda ake noman shinkafa da ruwan kanal rani da damina. Yarinya ce mai ƙarfi, ba ta da surutu, in ta kama tukunya sai ka ga fuskarka a ciki. Ta haife ka lafiya. Bayan an yaye ka ne abin ya fara fitowa fili. Ta yi ɓari, ta sake yin wani. Mara na ciwo, ga ƙaiƙayi, ga ruwa na zuba, ga jini da ba na al'ada ba, musamman in ta kwana da miji. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni na gane, don na ga zanin da ake shanyawa a bayan ɗaki ya yi yawa, na kuma ga wata rana ta yi alwala ta tsaya a kan sallaya tana kuka, ba ta san ko sallar ta halatta gare ta ba ko ba ta halatta ba. Na ja ta ɗaki na ce ta buɗe baki, ni ba kura ba ce. Ta buɗe.

Daga nan muka shiga yawon magani. Mai kemis na bakin titi ya ce sanyi ne, ya yi mata allurai har mazaunanta suka ƙi zama. Masu maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a mota suka ba mu gari na sha da kunu. Aka dafa bagaruwa ta zauna a ciki. A wani ƙaramin asibiti suka karɓi fitsarinta suka duba a madubin likita, suka ce ba su ga komai ba, suka sake rubuta maganin sanyi. A nan ne wani ma'aikaci ya ja ubanka gefe ya ce masa irin wannan ciwon hanya biyu ake ɗaukarsa, ko a masai ko a wurin namiji, gara shi ma a gwada shi. Aka gwada shi, aka ce lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar ya canza. Bai zage ta ba, bai dake ta ba, ubanka ba ya duka. Amma ya daina cin abinci a ɗaki, ya koma ci a tasha. Ya taɓa ce mini duk gidan nan masai ɗaya muke shiga, me ya sa ita kaɗai ta ɗauka. Na ce masa yarinyar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da ni, a ina za ta ga namiji, a cikin randa? Duk da haka bai yarda ba.

Sai na ce zan kai ta babban asibitin nan na kusa da mu, wanda ake koyar da likitoci. Na tambaye shi, ya ce a je. Ku riƙe wannan, don daga baya an ce satar hanya na yi da ita. Muka je, kana goye a bayanta don ba wanda zan bar wa kai. Muka sha layi har rana ta take, sannan muka shiga wurin wata likita mace, yarinya ce ƙarama, da hijabi da farin gilashi. Ta duba uwarka a bayan labule. Da suka fito ba ta yi maganar miji ba sam. Tambayar da ta fara yi ita ce a ina ta girma. Ta tambaye ta ko tana shiga ruwa tana yarinya, wanki, wanka, dashen shinkafa. Rabi ta ce ai a ruwa suka tashi, har ranar da za a kai ta ɗakin miji sai da ta yi wanki a kanal. Likita ta ce ko ta taɓa yin fitsarin jini. Rabi ta rufe baki tana dariya, ta ce a garinsu wa bai yi ba, in yaro namiji ya fara ma cewa ake ya kusa balaga.

Likitar ta ce tana zargin tsargiya ce. Na ce mata tsargiya ai ciwon yara maza ne masu wanka a kududdufi, kuma an riga an duba fitsarin ba a ga komai ba. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni, ta yi mini bayani kamar ba wasu a layi. Ta ce wata 'yar tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga jini, ta zauna a jijiyoyin mara shekara da shekaru tana zuba ƙwai. A jikin mace, ƙwan ba mafitsara kaɗai yake tsayawa ba, yana maƙalewa a bakin mahaifa ya yi gyambo, ya kawo duk abin da Rabi ke ji, har ɓari. Ta ce madubin likita ƙwai yake nema, kuma ba kullum ƙwai ke fita a fitsari ba, balle ga babba da ciwon ya daɗe a jikinsa. Amma suna wani bincike a kan matan da suka fito daga garuruwan noman rani, da wani gwaji da ba ya neman ƙwai, DNA yake nema.

"DNA ɗin wa?"

"Na tsutsar, Mama."

"Tsutsa ma uba gare ta da za a nemo shi?"

Ta yi dariya har ta cire gilashi. Ta ce duk abin da Allah ya halitta mai rai yana da nasa, mutum da akuya da dawa da tsutsa, kuma na kowa daban yake kamar zanen yatsa. In tsutsar tana jiki, tana barin ɗan ɓurɓushinta a ruwan jiki, ƙanƙani ƙwarai, ido ba ya gani, madubi ba ya gani. Sai a ɗauki ɗan ruwan da auduga, a sa a wani inji, injin ya yi ta kwafar ɓurɓushin nan yana ninka shi har ya yi yawan da za a gane shi. In babu tsutsa, babu abin da zai kwafa. Har ma yana faɗin wace iri ce, ta mafitsara ko ta hanji. Na ce mata ni mai markaɗe ce, na gane. In aka markaɗa attaruhu, ko an ɗauraye inji, mai gasarar koko da ta biyo baya sai ta dawo ta ce ta ji yaji. Ta ce to haka ne, sai dai nasu injin ya fi harshen mai koko ji.

Ta tambayi Rabi ko ta yarda, Rabi ta ce ta yarda. Aka ɗauki abin ɗauka, da fitsari. Likitar ta ce ba sai an jira sakamako ba, aka ɗora Rabi a sikeli aka ba ta wasu manyan ƙwayoyi farare masu ɗaci, aka ce ta ci abinci sosai kafin ta sha. Ta kuma faɗa mana gaskiya, cewa maganin yana kashe tsutsa amma gyambon da ya daɗe ba lallai ya warke duka ba, kuma sakamakon zai ɗau lokaci don sai sun tara na mata da yawa suke kunna injin. Kai kuwa duk zaman nan barci kake a bayanta. Ba wanda ya taɓa ko farcenka.

Da ubanka ya dawo, uwarka da murnarta ta gaya masa an gano inda ciwon yake, an ma ɗauki gwajin DNA. Ita kalmar ba ta san tana da wata fassara a gari ba. Ni na sani, ina jin rediyo, amma na ɗauka bayanin da ya shiga kan tsohuwa zai shiga kan saurayi. Shi kuwa washegari ya je tasharsu ta 'yan adaidaita, ya yi tambaya a kaikaice wai wani abokinsa ne abin ya faru da shi. Wani Ɗanliti, wanda ya fi kowa baki a tashar, ya ce ai likitoci ba sa yin DNA sai sun ga alamar ɗan ba na mai gidan ba ne, su dai ba za su faɗa maka kai tsaye ba. Daga can ne ya taho ya tsaya a kaina.

Na yi masa bayanin tsutsa, na yi masa na katantanwa, na yi masa na attaruhu. Ya ce mata ai rufa wa juna asiri suke, likitar ma mace ce. Ya ce in na tsutsa ne me ya sa muka tafi da yaron. Na ce wa zan bar wa shi, injin markaɗe? Na ce ya zo mu koma tare ya ji da kunnensa. Ya ce shi ba zai je ya zauna a layin masu ciki duniya ta gan shi ba. Duk wannan a gaban uwarka aka yi. Ta ɗauke ka ta shige ɗaki, ga jirin magani yana ɗibarta.

Unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi kuwa gida na jingine da gida. Kafin Juma'a ta zagayo, matan da ke kawo markaɗe sun ninka, wasu da gwangwanin wake ɗaya, don dai su shigo su ga yaron. Maƙwabciyarmu Hajiya Ladidi ta kama kunnenka tana murmushi, ta ce kunnuwan nan dai ba ta san su a gidan nan ba. Na ɗauki bokitinta da waken a ciki ba a markaɗa ba, na ajiye mata a zaure, na ce ta kai inda ake markaɗa da gulma, nan ƙarfe ne kawai. Ba ta sake shigowa ba, ta kuma janye rabin layin da ita. Ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne maganar ta fita unguwa. Akwai wani ɗan garinsu Rabi da ke sayar da shinkafa a kasuwar Tarauni, shi ya buga wa ubanta waya ya ce an kai 'yarsa DNA.

Malam Isuhu, kakanka na wajen uwa, ya zo da safe da laka a takalminsa, daga gona ya hau mota. Mutum ne mai sanyin magana, amma ranar ko ruwa bai sha ba. Ni ya fara fuskanta, ya ce ya ba ni amanar yarinya, in muna tuhumarta da wani abu akwai malamai, akwai Alƙur'ani, akwai alƙali, ba sai an kai ta an buɗe ta a gaban inji ba. Na fara yi masa bayani, sai ga Sabi'u ya shigo. Da ya yi shiru da an gama lafiya. Sai ya ce shi ma yana son ya san gaskiya, don shi an gwada shi ba shi da komai. Malam Isuhu ya miƙe tsaye ya tambaye shi ko yana nufin 'yarsa mazinaciya ce. Sabi'u ya ce shi bai ce ba, asibiti ne zai ce. Malam ya ce 'yarsa ba za ta kwana a gidan da ake jiran asibiti ya wanke ta ba, ya sawwaƙe mata. Na ce Sabi'u kul, na ce in na isa da kai kada ka furta. Ya dube ni, ya dubi surukinsa, ya ce ya sake ta saki ɗaya. Kafin azahar Malam Isuhu ya tafi da ita, da kai, da akwati ɗaya.

Da yamma na ce wa ubanka ya kwashe kayansa. Na ce gidan nan ni da marigayi kakanku muka gina shi da bulo ɗai-ɗai, ba zan zauna ina kallon fuskar wanda na ce kul ya ƙi ji ba. Ya kama ɗaki a unguwar Babban Giji. Wannan shi ne abin da dangi suka riƙe ni da shi. Alhaji Sule, ƙanin kakanku, ya zo har gida ya ce bai taɓa ganin uwar da ta kori ɗanta saboda suruka ba, duniya za ta ce asiri aka yi mini. Na ce masa duniya ta daɗe tana faɗa. Ya daina gaishe ni, har ya rasu gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. 'Ya'yana mata ma suka rabu, babbar tana bayana, ƙaramar tana bayan ɗan'uwanta, aka yi sallah ba su haɗu a gidana ba.

Na aika wa Sabi'u ya mayar da matarsa tun idda ba ta cika ba, baki ɗaya ne zai buɗe. Ya aiko cewa sai sakamako ya fito. Na koma asibiti, likita ta ce ba su gama tarawa ba. Na sake komawa, ta ce wani sinadarin da injin ke sha ya ƙare, daga waje ake kawo shi. Na gaya mata abin da kalmarta ta jawo. Ta dafe kai, ta ce ita a bakinta kalmar aiki ce kamar allura, ba ta taɓa kawowa za a ji ta haka ba. Ta ce a kawo mata mijin ta yi masa bayani ko yau. Na aika, bai zo ba. Ta ce daga yanzu gwajin tsargiya za su riƙa cewa kawai. Na ce Allah ya sa ya amfani na baya, mu dai namu ya riga ya zube. Ana cikin haka damina ta wuce, idda ta cika.

Ranar da likitar ta kira ni a waya ta ce ya fito, ta ce ta riga ta kira Rabi ta gaya mata, don sirrinta ne, kuma Rabi ta ce a faɗa mana, a faɗa wa Sabi'u da kyau. Na sa hijabina na tafi tashar su Sabi'u. Suna zaune a kan benci ana musun ƙwallo. Na wuce su na shige bayan adaidaitarsa na zauna. Ya taso yana cewa Inna lafiya. Na ce shata na ɗauka, asibiti. Ya ce yana kan layi, ba turn ɗinsa ba ne. Na ɗaga murya yadda benci zai ji, na ce ko akwai wanda zai hana ɗa ya ɗauki uwarsa. Ya hau ya ja.

Likitar ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Wasu layuka ne kwance a ƙasa, wasu kuma sun taso sun yi sama kamar wuyan raƙumi. Ta nuna ɗaya ta ce wannan na Rabi ne, tashin da ya yi shi ne shaidar tsutsar, kuma irin ta mafitsara ce, wadda ta yi zargi. A saman akwai haruffan nan uku, na karanta su da kaina. Sabi'u ya tambaya ko ana ɗauka daga namiji. Ta ce daga ruwa ake ɗauka, kuma ga dukkan alamu tun tana yarinya take ɗauke da ita, tun kafin ta san shi. Ya murza makullin mashin a hannunsa, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"To Dakta, na yaron fa?"

"Wane yaro?"

Ta dube ni, ta dube shi. Da gaske take, ta ma manta akwai goyo a bayan Rabi ranar. Ubanka ya sunkuyar da kai, makullin ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba sai da na taɓa shi da ƙafa.

A hanyar dawowa na ce ya bi ta tasha. Na sauka na tsaya a gaban bencin, na tambaya wane ne Ɗanliti. Wani siriri mai hular sanyi ya ce ga shi. Na ce ashe kai ne likitan, a wace jami'a ka gama? Aka fara dariya. Na gaya musu abin da aka gwada da abin da aka samu, da sunansa, tsargiya. Na ce duk wanda ya auro daga garin noman rani, matarsa na fama da sanyin da ba ya jin magani, ya kai ta a duba kafin ya kai ƙararta benci. Dariyar ta tsaya. Wani dattijo a cikinsu ya ce Inna a yi haƙuri. Na ce ba ni aka yi wa ba.

Alhaji Sule ya ƙi raka mu biko, don haka ni da Sabi'u muka tafi a adaidaitarsa, da goro da turmin atamfa. Shinkafa ta yi kore hagu da dama, kanal cike da ruwa, mata na wanki a bakinsa. Malam Isuhu ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo fura. Na yi masa bayanin tun daga farko, wannan karon ya bar ni na kai ƙarshe. Da na gama ya girgiza kai. Ya ce tsargiya ai shi ma ya yi, ubansa ma ya yi, ba wanda ya taɓa kiranta ciwo a garin nan. Ya ce ashe a kan fitsarin jini aka kashe wa 'yarsa aure. Sabi'u ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Malam ya ce shi ya haƙura, amma idda ta cika, yanzu ba biko ba ne, neman aure ne, kuma bazawara ita ke da bakinta. Ya aika a kira ta.

Ta shigo ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta washe. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi sosai, jinin ya tsaya, sai ɗan ciwon mara jefi-jefi. Ta gaishe da Sabi'u kamar yadda ake gaishe da baƙo. Ya yi maganarsa, ya ce sharrin shaiɗan ne da na abokai, ya ce zai kama mata gida ita kaɗai in tana so. Ta bari ya gama.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da injin nan ya lalace, ba a samu sakamako ba har abada, Khalifa ɗan wa ne?"

"Rabi, na ce na yi kuskure."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Bai amsa ba. Na jira, ubanta ya jira. Ina roƙon Allah a zuciyata ya ce nawa ne, ko da ƙarya. Ubanka ba ya iya ƙarya, wannan halinsa ne mai kyau, ranar kuma shi ya kayar da shi. Rabi ta juyo wurina ta ce in yafe mata, ni uwa ce a wurinta har ta mutu, amma ba za ta koma ba. Na buɗe baki zan roƙe ta, sai na rufe. Da 'yata ce, abin da zan so ta faɗa ke nan.

Muna zaune haka sai ga ka ka shigo da gudu, kai da wasu yara, kana ihun Inna ta zo. Ka faɗa jikina. Wandonka sharkaf, ƙafafunka duk laka, ka buɗe hannu kana nuna mini 'yan katantanwa da ka tsinto. Na dubi uwarka. Ita ma hannun naka take kallo. Ta ce ta yi duka, ta yi faɗa, ta ɗaure ka da zani a ƙafar gado, amma a garin nan ba a raba yaro da kanal, ruwan sha ma daga can wasu ke ɗiba. Ta tashi ta shiga cikin gida. Ta daɗe. Da ta fito da leda a hannunta, kayanka ne a ciki, idonta ya yi ja amma ba ta kuka. Ta kakkaɓe katantanwar daga hannunka, ta goge maka ƙafa da gefen zaninta, ta ɗora hannunka a cikin nawa.

"Inna, ki kai shi wurin likitar nan a duba shi. Ke na ba wa. Ba shi na ba wa ba."

Ubanka ya miƙo hannu zai ɗauke ka ya sa a adaidaita. Na ce ya bari, ya je ya tayar da mashin. Ni na ɗauke ka.